Ragar Da Ba Tasa Ba

Kun gani, kuka kau da kai. Mu dubu uku da ɗari biyu ne a filin ƙanƙarar Kwalejin Birchport ranar Asabar ɗin farko ta watan Janairu, kuma wasan hokin nan da rana aka yi shi, fitilu a kunne, babu abin da ya ɓuya. Faifai, baƙar roba mai tauri da ake bugawa a madadin ƙwallo, ya taso daga sandar ɗan bayan baƙi ya sami golanmu, Colby Zupancich, a gefen hular kwano, daidai kunne. Har mu da ke layin sama mun ji ƙarar. Ya durƙusa ya daɗe yana kallon ƙanƙara, sannan ya miƙe ya ɗaga sanda. Kuka tafa. Ni ma na tafa, ba zan cire kaina ba.

Aka tafi hutu, aka dawo kashi na biyu. Kowa ya san ana sauya raga bayan kowane kashi. Wanda ya fara sa takalmin ƙanƙara jiya ma ya sani. Colby ya fito ya zarce ragar da ya bari. Golan baƙi yana ciki yana kankare ƙanƙarar bakin raga da takalmi, sai ga Colby ya tsaya kusa da shi, ya bugi ƙarfen hagu da sanda, ya bugi na dama, kamar yadda ya saba yi wa tasa ragar. Golan baƙi ya tsaya yana kallonsa. Sai da kyaftin ɗinmu ya je ya jawo shi da hannu.

Filin ya ɗauki dariya. Muka ci su uku da nema.

Sunana Liisa Rautio, ina shekarar ƙarshe a karatun aikin jinya a wannan kwalejin. Da yawanku kun fi sanina da 'yar Arvo. Hoton babana ne a bangon gidan abincin Darlene, saman injin kofi: ga shi a bakin raga a shekarar tamanin da huɗu, ranar da ya tare harbi hamsin da ɗaya ƙungiyarmu ta Mahaƙa ta ɗauki kofin gasa. A ƙarƙashin hoton nan teburin tsofaffin magoya baya yake, kuma tun ina ƙarama nake zama gefen Baba a can kowace Lahadi bayan coci.

Washegarin wasan, Kawu Butch Kochevar ne ya buɗe taro. Shekara talatin ya yi yana tuƙa motar dutse a ma'adinai, har yau da ƙarfi yake magana kamar injin yana kunne.

"Arvo, ka ga yaron naka? Zuwa ya yi ya gaida maƙwabci. Tarbiyya ke nan."

"Zuwa ya yi ya duba ko ragarsu ta fi tamu faɗi," in ji Darlene tana zuba kofi.

"To ya same ta da faɗi. Uku ta ɗauka." Kawu Butch ya yanki fanke ya tsoma a zuma. "Shekara biyu muna kallon ɗan bayanmu Lindgren yana miƙa wa abokan gaba faifai kamar mai rabon wasiƙa. Yanzu ga gola. Ku bar shi ya je ragar da ya ga dama, in ya so ya je ta cocin Katolika."

"Lindgren ya gyaru," Baba ya ce.

"Ya gyaru? Kakata ta fi shi juyawa, kuma shekara tara ke nan da binne ta."

Na ce, "Kawu, bugun da ya sha fa?"

"Wane bugu? Faifai ne, 'yar nan. Aikinsa ke nan, a buge shi. Tambayi ubanki."

Baba ya yi murmushi ya juya kofinsa a kan tebur. Ni ma na bar maganar, don ina son mu ci wasa kamar kowa.

Kun san halinmu. In ƙungiya tana ci, ba a sauya komai. Kawu Butch ba ya wanke rigarsa ta zuwa fili, Darlene ba ta sauya kujera, ɗalibai ba sa aske gemu. Asabar ta gaba, da aka fito kashi na biyu, ɓangaren ɗalibai ya miƙe gaba ɗaya, kowa ya nuna ragar baƙi da yatsa, suna rera, "Can, can, can." Colby ya ɗan tsaya a ƙofa, sannan ya bi yatsun. Ya bugi ƙarfen hagu, ya bugi na dama, ya juyo ya taho tasa. Muka sake ci. Kafin mako biyu an buga riguna masu hoton yatsa. A dandalin nan namu na intanet, wanda kuke karanta wannan a kansa, an buɗe zaure guda don abin, saƙo ya wuce dubu. Na karanta su duka. Akwai muhawara a kan ko ɗan wasanmu Dufresne ya cancanci shiga sahun farko, akwai zagin alƙalan wasa, akwai lissafin wasa nawa ya rage mu shiga gasar ƙarshe. Babu mutum ɗaya da ya tambayi abin da ya kai shi ragar nan a karon farko.

Ni da Colby muna aji ɗaya na tarihi, ranar Talata da safe. Da can a gaba yake zama yana damun malami da tambaya. Bayan wasan nan ya koma layin baya, nesa da taga, ya ja hular rigarsa ya rufe goshi. A mako na uku ya shigo da baƙin tabarau. Ya taɓa ni da biro ya ce, "Liisa, shafi na nawa?" Na gaya masa. Bayan ɗan lokaci ya sake tambaya. Da ya tambaya karo na uku, da murya ɗaya, da murmushi ɗaya, sai na ajiye littafi na juya na dube shi.

Na tare shi a baranda bayan aji.

"Cire tabaran nan in ga idonka."

"Malama nas, ba a asibiti muke ba."

"Cire."

Ya cire, ya runtse ido saboda hasken fitilar baranda, ya mayar da sauri.

"Kana barci?"

"Ina yi. Da yawa ma."

"Amai fa?"

Ya dubi bayana ko akwai mai zuwa. "Sau biyu. Abincin makaranta ne."

"Ranar da ka fara zuwa ragar can, da gangan ka yi?"

Ya yi 'yar dariya. "A bidiyo na gani. Ban tuna kashi na biyun ba sam. An ce na yi ƙoƙari."

"Sauran fa? Na bayan nan?"

"Waɗannan wasa ne. Mutane suna so." Ya gyara jakarsa a kafaɗa. Na ɗauka ya gama, sai ya rage murya. "Gaskiya suna taimaka min. Wani lokaci in na fito ƙofa, sai in ga ragogin biyu iri ɗaya, ban san wacce ba. Sai in dubi ɗalibai. Inda suka nuna, nan ce ba tawa ba. In na je na dawo, shi ke nan na gane."

Ku da kuke tsaye kuna nuni da yatsa kuna dariya, da ku yake gane inda zai tsaya.

Na ce masa sai ya gaya wa likitan ƙungiya. Ya ce ai an gwada shi tun ranar Litinin ɗin farko, ya ci gwajin. Na tambaye shi ta yaya. Ya dube ni kamar na tambayi abin da kowa ya sani. A farkon kaka, kafin a fara wasa, ana yi wa kowane ɗan wasa gwaji a kwamfuta, na tuna kalmomi da saurin danna maɓalli, a ajiye sakamakon. In ya sha bugu a ka, sai a sake gwada shi a kwatanta da na farko. To manya suna gaya wa sababbi tun makon farko: kada ka nuna ƙwazo a gwajin farko, yi a hankali, ka ɓata biyu ko uku. Ranar da kanka ya bugu, sakamakonka zai yi daidai da na da, babu mai zaunar da kai.

"Kowa yana yi," ya ce. "Liisa, masu neman 'yan wasa za su zo ranar sha huɗu. Shekarata ashirin da biyu. In na zauna yanzu, Pelletier zai shiga raga, kuma ba za a sake waiwayata ba. Yi min alkawari ba za ki faɗa ba."

Na yi masa. Ina tsoron in na ƙi zai daina yi min magana, ni kaɗai kuma na sani.

Duk da haka na je ofishin wasanni washegari, ban ambaci gwajin ba. Mai kula da lafiyar 'yan wasa mutumin kirki ne, ya ba ni kujera, ya ce ba zai iya tattauna lafiyar ɗalibi da ni ba, amma in kwantar da hankalina, an bi ƙa'ida. A rediyo da yamma aka tambayi koci, ya ba da amsar da kowane koci yake bayarwa: ɗan ciwo ne a sama da ƙugu, ba abin damuwa ba. Ba a faɗin inda ciwo yake don kada abokan gaba su nufi wurin. Mun saba da jin wannan har mun daina tambayar ko sama da ƙugun ya haɗa da kai.

Abin da nake tsoro, a aji aka koya mana shi. Ƙwaƙwalwar da ta girgiza ba ta warke ba, in ta sake shan wani bugu, ko da bai kai na farko ba, tana iya kumbura cikin 'yan mintuna. Ba kasafai yake faruwa ba. Amma in ya faru, mutum yana iya miƙewa da ƙafarsa, ya yi magana, ya taka zuwa benci, sannan ya faɗi. Tun daga ranar nan, duk faifan da ya tashi sama da kafaɗarsa sai in bi shi da ido har ya sauka.

Asabar da ta wuce, saura minti shida a tashi, ɗan gaban baƙi ya zame ya shigo raga da gudu, ya kwashe Colby, bayan hularsa ya bugi ƙarfe. Ya kwanta. Na ƙirga. Daƙiƙa goma sha ɗaya ƙafarsa ba ta motsa ba. Baba yana gefena, na ji ya riƙe min hannu da ƙarfi har ya yi zafi, bai kuma dube ni ba. Sannan Colby ya juya, ya miƙe, ya ɗaga sanda. Kuka tafa. Muka ci biyu da ɗaya, nasara ta bakwai a jere.

Da aka busa tashi, 'yan wasa suka yi layi kamar kullum, kowa ya zo ya gwara hularsa da ta gola don godiya. Su goma sha tara. Na ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, ina jin kowace gwarawa a haƙorina. Shi kuwa yana tsaye ya jingina da raga yana karɓa.

Ranar Lahadi ban bari Kawu Butch ya fara ba.

"Ya kamata a zaunar da Colby."

Darlene ta tsaya da butar kofi a hannu.

"A zaunar da wa?" in ji Kawu Butch. "Arvo, me kuke ba yarinyar nan a gida?"

"Kansa bai warke ba tun Janairu. Zuwan da yake yi ragar can ba wasa ba ne."

"Ga likita ta iso. Darlene, kawo mata farar riga." Ya nuna ni da cokali mai yatsu. "Yarinya, an gwada shi. Masu takarda irin taki suka gwada shi. Ke kin fi su?"

"Gwajin ba ya nuna gaskiya."

"Wasa bakwai bai sha fiye da biyu ba. Mai ciwon kai ne wannan? To a buga wa Lindgren irinsa, ko ma samu ɗan baya."

Wasu suka yi dariya, ba duka ba.

"Kuma ba a irin wannan magana ana tsakiyar ci," Kawu Butch ya ƙara, ya ƙwanƙwasa katakon tebur. "Kin sani. A nan kika girma." Ya ɗaga kai ya nuna hoton bango. "Ga ubanki nan. A kashin farko aka fasa masa hula, ya tashi ya tare hamsin da ɗaya. Ga shi zaune yana shan kofi. Arvo, gaya mata."

Duk wanda ya taɓa zama a teburin nan ya ji labarin daga bakin Baba: yadda ya tare na ƙarshe da bakin sanda saura daƙiƙa huɗu, yadda aka ɗauke shi a kafaɗa har bakin titi. Aka jira ya fara. Baba ya dubi hoton, ya dubi kofinsa, ya ce, "Liisa, tashi mu tafi, mamanki tana jira."

Muka shiga mota. Da muka kai mahaɗar hanya bai juya gida ba, ya hau tudun da ake hangen tsohon ramin ma'adinai, ya tsaya, ya bar injin a kunne saboda sanyi. Rana tana kan ƙanƙarar ramin, hasken yana sa shi ƙifta ido.

"Colby ya ce miki ya tuna zuwansa ragar can?" ya tambaya.

"Ya ce a bidiyo ya gani."

Baba ya gyaɗa kai. Ya ɗora hannu biyu a kan sitiyari, na ga na daman yana rawa kamar yadda ya fara yi shekara uku da suka wuce.

"Mu a tamanin da huɗu ba mu da bidiyo," ya ce. "Butch ne ya ba ni labarin, a asibiti, kwana biyu bayan wasan. Na tuna ina ɗaura takalmi. Na tuna na farka ina tambayar yaushe za a fara. Abin da ke tsakani, duk na Butch ne. Tarewar ƙarshen nan da bakin sanda, ban san ko haka aka yi ba. Shekara arba'in ina ba da labarin ranar da ta fi kowacce a rayuwata, kuma ba na wurin."

Na dubi hannunsa a kan sitiyari.

"Mamanki ta sani. Ita kaɗai." Ya goge gilashin gabansa da bayan hannu, ko da yake babu abin da ke kai. "Watan jiya na fita sayo madara, na tsaya a gaban kanti na kasa tuna hanyar gida. Minti goma, wataƙila. Ban ce wasan nan ne ya jawo ba, ban sani ba. Amma jiya da yaron nan ya kwanta, ƙirgawa nake yi."

"Sha ɗaya," na ce.

"Sha ɗaya." Ya juyo ya dube ni. "Kina rubutu a dandalin nan nasu?"

"Wani lokaci."

"Rubuta. Sa sunana, sa abin da na gaya miki. Darlene ta sauke hoton in ta ga dama."

"Na yi wa Colby alkawari, Baba."

"Na sani. Ni ma da ni ne shi, da na sa kin yi min." Ya sa wa motar giya. "Zai tsane ki. Bar shi ya tsane ki yana da shekara sittin."

Shi ya sa kuke karanta wannan. Na karya alkawarin, kuma kafin in saka rubutun nan na aika wa Colby saƙo na gaya masa. Ya karanta, bai amsa ba. Na san abin da na ɗauke masa, na san masu neman 'yan wasa za su zo ranar sha huɗu. Na san kuma abin da za a rubuta a ƙarƙashin wannan kafin yamma: cewa na jawo mana faɗuwa, cewa ban taɓa tsayawa a raga ba. Ku rubuta. Ina kwana ina tashi da hoton yaron nan ya miƙe ya ɗaga sanda ya nufi benci, kuma bai kai ba.

Ga abin da nake nema a wurinku. Ranar Juma'a da ƙarfe tara na safe, ni da Baba za mu tsaya a ƙofar ofishin daraktan wasanni, hawa na biyu a ginin fili. Buƙatarmu ɗaya ce: likitan ƙwaƙwalwa daga waje, wanda ba ya aiki da ƙungiya, ya duba Colby Zupancich da hannunsa kafin ya sake sa hula, ba tare da dogaro da gwajin farkon kaka ba. Mutum biyu ana iya ba su kujera a sallame su. Mutum ɗari biyu masu tikitin shekara ba a sallamarsu haka. Kawu Butch, kai ka zauna a bakin gadon Baba ka ba shi labarin wasan da bai tuna ba, don haka ka san yadda abin yake tun kafin a haife ni. Ka zo, da rigarka marar wanki in ka so.

In kuma duk da haka suka fito da shi ranar Asabar, ku ɗalibai, da an buɗe ƙofa a kashi na biyu, kada wanda ya ɗaga yatsa. Ku zauna, ku sa hannu a aljihu, ku yi shiru, koci da likita da kowa su ga inda zai nufa shi kaɗai. Amma kada ku bari ta kai ga haka. Ku zo ranar Juma'a, ƙarfe tara.